Shamuwar da Na Sa Aka Kira Balbela

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau kwanan su Baba tara a gidana. Ziyara muke kiranta. Duk maƙwabciyar da ta leƙo ta ce, "Malama Rahamatu, baƙi aka yi?" sai in ce eh, mahaifina ne ya kawo mana ziyara daga ƙauyenmu na bayan Wurma, shi da matar ƙanena Maimuna da jaririnta Abdullatif. Ba wadda ta taɓa tambayata ina shi ƙanen nawa, Usaini. Allah ya saka musu da alheri.

A tsohon littafin shirin darasi nake rubutun nan, don ba ni da wanda zan gaya wa. Mijina, Baban Yasmin, yana wurin aiki a Katsina sai ƙarshen mako. Maimuna kuwa in ka ce mata sannu sai hawaye.

Baba bai zo da kaya ba. Rigar jikinsa, buta, da damin irin gero, zangarniyu ne ya ɗaure da igiyar kaba. Mutum ya bar barguna, ya bar rediyo, ya rungumo gero har Dutsin-Ma! Ya sa na rataye masa shi a ƙusa saitin kansa. Wai irin kakansa ne, bai taɓa tsallake damina ba.

Babur ɗin Usaini yana zaure. Na lulluɓe shi da buhu, don na gaji da ganinsa.

Waya ba ta yi ƙara ba.

Talata, 22, da hantsi

Zafi kamar a bakin murhu, ga ba wuta. Abdullatif duk ƙuraje sun feso masa a wuya.

Laraba, 23, kafin magariba

Yasmin ta sami aiki. Shekararta tara, ba ta taɓa kwana uku a ƙauye ba, akuya ma tsoro take ba ta. Yanzu ita ce idon kakanta. Yanar da ke idonsa ta yi kauri, inuwar mutum kawai yake gani, sai ya zaunar da ita bakin ƙofar gida a kan tabarma.

"Amarya, mi kika gani yau?"

"Wa ce amaryarka, tsoho da kai ba haƙori? Na ga ƙadangare mai jan kai."

"Wannan ko makaho ya gan shi. Sake."

"Na ga wani tsuntsu mai dogon baki ja, yana tashi yana faɗowa kamar zai faɗi."

"Cilakowa. Rubuta."

Ta tsaga min takardu daga bayan littafin nan, ta ɗinke da zare, tana rubuta sunaye. Kurciya, hankaka, cilakowa, kurege. Rabon da in ji dariyar Baba tun ranar Alhamis ɗin nan da Usaini ya tafi gona bai dawo ba.

Ina cikin jin daɗi sai na ji ya ce mata, "Akwai wadda nake jira. Baƙa ce, cikinta fari, ƙafafu dogaye. Shamuwa. Ran da kika gan ta, ki sheƙo ki gaya mini, ko salla nake ki jira in sallame. Ranar ziyara ta ƙare."

Tsintsiyar hannuna ta faɗi. Na san dokarsa tun ina yarinya: Baba ba ya bin rediyo, ba ya bin kalanda. Ran da shamuwa ta sauka kan tsamiyar tsakar gidanmu, ranar yake sauke iri ya nufi gona.

Na ce, "Baba, wace gona kuma? Wa ya rage a can?"

Ya ce, "Shi ya sa. Shamuwa ba ta sheƙa a kango, ɗiyata. In ta zo ba hayaƙi, ba motsin mutum, wucewa take, ba ta kuma dawowa. Kuma duk mai dawowa gida, gida zai nufa. Ya dace ya tarar da wani a ƙofa."

Maimuna ta ɗauki ɗanta ta shige ɗaki.

Alhamis, 24, da safe

Alhamis. Ba na son Alhamis.

Asabar, 26, bayan la'asar

Baban Yasmin ya dawo, ya ce a fita da Baba ya sha iska, tunda dai ziyara ce a yi ta kamar ziyara. Muka cika mota muka tafi bakin dam da sassafe, da sharaɗin mu juyo kafin azahar.

Yasmin kamar ta yi hauka. Guza ta gani yana shan hantsi a kan dutse, ta ƙwalla ƙara wai kada ne. Baba ya yi dariya har da tari. "Kada? Amarya, in kada ne da yanzu na zama gwauro." Ta ga zalɓe tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, ta ga carki a kan doron saniya, ta ga balbelu fari fat suna bin garke. Baba yana zaune gindin giginya da ƙafarsa cikin yashi, tana kawo rahoto yana raɗa suna. Har Maimuna ta yi murmushi sau ɗaya, na gani da idona.

Ni kuwa sama nake kallo. Wuyana har ciwo yake. Kowa ya zo kallon tsuntsaye, ni na zo addu'ar kada a ga guda ɗaya.

A hanyar dawowa na gaya wa Baban Yasmin maganar shamuwa, a hankali. Ya ce, "Ki bar ni da shi, zan yi masa magana." Na san ba zai yi ba. Ina ya ga fuskar da zai ce wa surukinsa kada ya tafi gidansa?

Waya ba ta yi ƙara ba. Na duba, da caji, da sabis, komai lafiya lau.

Litinin, 28, bayan azahar

An koma makaranta. Na tsaya gaban 'yan aji huɗu na rubuta kwanan wata a allo, na manta darasin me zan yi. Wallahi na fi minti biyar riƙe da alli.

Laraba, 30, da yamma

Ta zo.

Muna dawowa daga makaranta, Yasmin ta fizgi mayafina. A kan tsamiyar masallacin unguwarmu, guda biyu, baƙaƙe, cikinsu fari. Ɗaya da kara a baki.

"Mama! Ita ce! Bari in je in..."

Na damƙe hannunta har ta ce wash. Na ja ta bayan shagon mai niƙa, na durƙusa na ce, "Yasmin, kina son Kaka?" Ta ce eh. Na ce, "In kika gaya masa, tafiya zai yi. Can inda Kawu Usaini ya tafi gona." Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. Ashe yaran nan suna jin komai.

"To in ya tambaye ni fa?"

"Ki ce balbela kika gani."

"Mama, ke kika ce mai ƙarya..."

"Na san abin da na ce! Ki yi abin da na sa ki."

Ni ce malamar da ke sa yara kama kunne a kan ƙarya. Allah na tuba.

Alhamis, 1 ga Mayu, kafin magariba

"Amarya, mi kika gani yau?"

"Balbela."

"A ina?"

"Kan tsamiyar masallaci."

"Yaushe?"

Ta kalle ni. Na yi caraf na ce, "Da azahar, Baba, muna dawowa daga kasuwa. Ni ma na gan su."

Ya murza carbi. "Balbela kan itace da tsakar rana. Ikon Allah. Ta bar wa wa shanun?" Ya yi 'yar dariya. "To, tsuntsun birni da nasa hali. Rubuta, Amarya."

Mun tsira. Na shige madafa.

Juma'a, 2, da safe

Ban san gajiya tana shiga har cikin haƙora ba.

Lahadi, 4, bayan la'asar

Mun je Kurfi gaida Goggo Azumi, yayar Baba. Ta tsufa tukuf, amma bakin nan yana nan. Tana ganinsa ta ce, "Mamuda, ka yi ƙiba! Ashe tuwon 'yar boko yana karɓar mutum." Suka zauna suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka tashi, wane yana Katsina, wane yana Charanchi wurin ɗansa. Ba su ambaci dalili ba. Ta karɓi Abdullatif ta daɗe tana kallon fuskarsa, sai ta ce, "Goshin ubansa ne sak," ta miƙa wa uwarsa shi da sauri.

A zauren gidan na ci karo da Ya'u, maƙwabcinmu na ƙauye, wanda ya turo mana babur ɗin ranar. Yanzu a Kurfi yake raɓe wurin 'yan'uwan matarsa. Ya ce shekaranjiya ya faki rana ya leƙa ƙauye ya dawo.

"Malama, gidanku yana nan, ƙofar rumbu ce kawai a ɓalle. Shamuwa sun zo kan tsamiyarku. Na tarar suna ta kewaya, ba su sauka ba. Bari in shiga in gaya wa Malam."

Na tare ƙofa da jikina. "Ya'u, don girman Allah."

"Malama, haƙƙinsa ne ya sani."

"Ɗaya ya ishe ni, Ya'u. Ɗaya ya ishe ni."

Ya sunkuyar da kai. Da ya shiga, gaisuwa kawai ya yi, ya ce zafi ya yi yawa bana. Baba ya tambaye shi, "Ba labari?" Ya ce, "Sai alheri, Malam." Mutum mai furfura na sa ya yi ƙarya, bayan yarinya.

A hanya wata bushiya ta tsallaka titi, Baban Yasmin ya taka birki don Yasmin ta gani. Ta gani. Ba ta ciro takardarta ba.

Talata, 6, bayan azahar

Sun zama shida a kan tsamiyar. Sheƙa biyu. Yaran unguwa suna ta ihu a gindinta suna daga musu hannu. Na ba su alewa na ce su koma bayan makaranta da wasansu. Ni Rahamatu, da hankalina, ina ba yara cin hanci saboda tsuntsu.

Waya ta yi ƙara. Na zubar da tukunyar miya garin gudu. Wata ce ta yi kuskuren lamba, tana neman mai ɗinki.

Alhamis, 8, bayan magariba

Yasmin ta daina zama bakin ƙofa. Da la'asar ta yi sai ta ce cikinta ke ciwo. Baba ya yi ta kira, "Amarya! Yaji kika yi? Mi na yi miki?" Tana kwance ta toshe kunne da filo.

Na je na ce ta tashi ta je. Ta ce, "In na je zai tambaye ni." Na ce to ki faɗi kurciya, ki faɗi hankaka. Ta ce, "Daga ƙarshe sai ya ce, sai mi kuma? Kullum sai ya ce sai mi kuma." Ta fashe da kuka. Na daka mata tsawa, alhali ba ita nake jin haushi ba.

Baba ya zauna shi kaɗai har aka kira magariba. Ya ɗauki sandarsa ya lallaba masallaci.

Juma'a, 9, da hantsi

Hadari ya haɗu a gabas jiya, iska ta watsa shi. Na ji daɗi. Wace irin 'yar manomi ce ke murna hadari ya watse?

Da asuba na leƙa ɗakin Baba in ga ko damin yana nan a ƙusa. Kullum sai na leƙa. Wani lokaci sau uku.

Asabar, 10, bayan azahar

Wannan dole sai na rubuta shi.

Da safe Baba ya ce in zo. Na same shi zaune, ya sauke damin da kansa, yana kan cinyarsa. Gefensa ga wasu 'yan ƙirare a jere a kan tabarma, sun kai goma.

"Zauna, Rahamatu. Kin san waɗannan?"

Na ce itace ne, Baba.

"A gindin tsamiyar masallaci nake tsintarsu, kullum ɗaya. Ƙafata ke taka su. Shamuwa in tana gini, rabin abin da ta ɗauko zubowa yake. Shekara saba'in ina share su a tsakar gida." Ya tura mini su. "Tun ran da kika ce balbela da azahar na sani. Balbela tana daji da shanu, sai rana ta faɗi take hawa itace. Laifina ne, da na kai ki makarantar kwana tun kina ƙarama."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Na yi shiru ne in ga ko za ki gaya mini da kanki. Na so in tafi ran Litinin mai zuwa, har na tambayi yaron mai shago inda ake hawa mota. Sai na ji yarinyar nan tana kuka a ɗaki saboda ni." Ya gyara zama. "Ke ba maƙaryaciya ba ce, uwarki ba ta haifi maƙaryaci ba. Tsoron da ya sa kika koya wa ɗiyarki ƙarya, ya fi ƙarfin gonata."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ba zan iya ba ne. In kai ma ka tafi, wayar wa zan zauna jira?"

"Na ji. Ba ni tafiya." Sai ya ɗago damin ya ɗora mini a hannu. "Ki sussuke shi, ki yi mana fura."

Na ce a'a. Na ce wallahi a'a, a bar shi a rataye, baɗi war haka in Allah ya kawo sauƙi...

"Muddin yana kan ƙusar nan, ba ki daina leƙowa da asuba. Ina jin tafiyarki. Ni ma kuma ban amince da kaina ba ran da ruwa ya sauka. Ki daka shi, mu huta, ni da ke."

Ya ɗaga murya, "Amarya! Fito, an sasanta. Zo ki gaya mini su nawa ne."

Ta fito tana jan ƙafa, ta kalle ni. Na gyaɗa kai. Ta ce, "Shida, Kaka. Da sheƙa biyu."

"Madalla. Rubuta. Da sunanta na gaskiya."

Lahadi, 11, da yamma

Na ari turmi wurin maƙwabta, nawa ƙarami ne. Na ce wa Maimuna ta zo ta kama mini. Ta tsaya ta kalli zangarniyun, dogaye, cike, ba ko ɗaya da ƙwaro ya taɓa. Ashe Usaini ne ya zaɓe su da hannunsa a kakar bara.

Ta ce, "Yaya, in ya dawo, me zai shuka?"

Wata guda ke nan, yau ne karo na farko da wani ya faɗi haka a fili a gidan nan. Ta goya ɗanta ta koma ɗaki, ta sakaya ƙofa.

Ni kaɗai na sussuka, na sheƙe, na surfa, na wanke, na daka. Rabona da taɓarya shekara goma sha, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe. Kaji sun taru suna tsattsagar abin da ya zube, na kore su kamar mahaukaciya, sai kuma na tsaya na ce, to don me?

Na dama da nono mai kyau na kai masa. Ya sha ludayi uku, ya ce, "Kin ji ƙamshi? Geron kasuwa ba ya haka." Ya ba Yasmin, ya ce ta sha da yawa, ba za ta ƙara samun irinsa ba. Ya ɗiga wa Abdullatif a leɓe da ɗan yatsa.

Na sha ni ma. Ta yi daɗi, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Maimuna ba ta sha ba.

Talata, 13, da safe

Na wayi gari na leƙa ɗakin Baba. Ƙusa kawai. Ƙafata ce ba ta san an gama ba.

Waya ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, 15, bayan la'asar

Ruwa ya sauka. Tun azahar ake yi kamar da bakin ƙwarya, sai yanzu ya ɗauke. Duk unguwa ƙamshin ƙasa. Yasmin ta shigo a jiƙe tana faɗin shinge masu fiffike sun fito, kwaɗi sun fito, shamuwa tara suna tafiya a filin makaranta suna tsince-tsince. Baba ya ce ta rubuta duka. Bai ce sai mi kuma ba.

Na sami abin da nake so. Yana nan, da ransa, a gidana, ina jin tarinsa daga inda nake zaune. Na yi zaton in na samu zan ji sauƙi.

Da ruwan ya tsaya ya fito tsakar gida ba takalmi. Ya laluba da sanda har wajen da ba siminti, gindin bango inda nake zubar da toka. Ya durƙusa da ƙyar, ya tona ƙasa da yatsu, ya zura hannu har wuyan hannu kamar yadda yake yi a gona, don ya ji inda laima ta tsaya. Ya daɗe a haka. Ni da Maimuna muna tsaye bakin madafa, ba wadda ta kalli 'yar'uwarta.

Ya ce, "Ya isa shuka."

Ya goge hannunsa a jikin rigarsa, ya juyo wajen da yake jin numfashina, ya tambaye ni ko akwai sauran fura.